Mu Duba Baki Tun Haƙori Bai Yi Ciwo Ba

Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, bayan kwana kaɗan wurin ya warke. Idan wanzami ya yi maka aski, gashi ya sake fitowa. Ko ƙashi ne ya karye, in maɗori ya ɗora shi, sannu a hankali sai ya haɗe. Amma haƙori ba haka ya ke ba. In ya yi rami, ramin ba ya cikewa da kansa. In kuwa haƙorin girma ya fita, wani ba ya tsirowa a gurbinsa.

Ga wani abu kuma. Haƙori ba ya saurin faɗin ciwonsa. Ya kan yi wata da watanni yana ruɓewa, mai shi bai sani ba. Ran da zafi ya hana mutum barci, ɓarna ta riga ta yi nisa. Saboda haka a cikin wannan darasi za mu koyi abu biyu: yadda a ke tsabtace baki kullum, da yadda a ke duba shi tun bai yi ciwo ba.

1. Haƙoranmu

Sau biyu haƙora su ke fito wa mutum. Na fari su ne haƙoran nono. Su kan soma tsirowa sa'ad da jariri ya kai wajen wata 6, su cika 20 wajen shekara 3. Daga shekara 6 sai yaro ya fara famfara, watau haƙoran nono su riƙa faɗuwa, na girma suna maye gurbinsu, har wajen shekara 12.

Haƙoran girma 32 ne, 16 sama, 16 ƙasa. Akwai haƙoran gaba 8, na gatsa. Akwai fiƙoƙi 4, na yagar nama. Akwai ƙananan turame 8 da manyan turame 12, na niƙa abinci. Turame 4 na can ƙurya ba su fitowa sai mutum ya kai shekara 17 ko fiye.

Akwai wasu turame 4 da ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani. Su kan fito wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Don haka iyaye da yawa su ke ɗaukarsu haƙoran nono, su ce ai ko sun ruɓe wasu za su fito. A'a, na girma ne, ba su da magaji. Su ne kuwa su ka fi saurin yin rami, don bisansu akwai ƴan kwaruruka inda abinci ke maƙalewa.

Haƙori kamar ɗakin ƙasa ya ke mai yaɓe. Yaɓensa shi ne farin ɓawon da mu ke gani. Duk jikin mutum ba abin da ya kai wannan ɓawo tauri, ko ƙashi bai kai shi ba. Ƙarƙashin ɓawo akwai jikin haƙori, wanda bai kai ɓawo ƙarfi ba. Can ciki akwai ɓargo, inda jini da jijiya su ke. Saiwa tana riƙe da haƙori cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuma ya rufe ta. Ɓawo ba shi da jijiya. Shi ya sa ɓarna ta kan fara ba a ji ba.

2. Yadda haƙori ya ke yin rami

Gobe da safe, kafin ka wanke baki, sa harshe ka shafi haƙoranka. Za ka ji wani yauƙi ya manne musu. Wannan ita ce dauɗar haƙora. Cike ta ke da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. A 1683 wani mutumin garin Delft, a ƙasar Holand, mai suna Leeuwenhoek, ya kankaro irin wannan dauɗa daga haƙoransa. Ya duba ta da madubi mai ƙara girman abu, wanda ya ƙera da hannunsa, sai ya ga ƙananan halittu masu rai suna motsi a ciki.

Waɗannan ƙwayoyi suna son sukari ƙwarai. In sun ci sukari, sai su fitar da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi ke cin ɓawon haƙori, kamar yadda ruwan damina ke cin yaɓen ɗaki. Duk lokacin da ka sa abu mai zaƙi a baki, tsamin ya kan yi wajen rabin awa yana aiki. Sa'an nan miyau ya wanke shi, ya mayar wa ɓawo wani abu daga cikin abin da ya rasa.

To, ku dubi abin da a ke sayarwa a ƙofar makarantunmu na unguwar Zariya: alawa, minti, biskit, lemun kwalba, soɓo da lamurje masu sukari. Yaron da ya sha alawa sau ɗaya bayan cin abinci, ya kurkure baki, haƙoransa sun sami hutu. Wanda kuwa ya wuni yana tsotsar minti, wannan na ƙarewa ya jefa wani, miyau ba ya samun damar gyara. Mafi muni shi ne zaƙin dare, don in mutum yana barci miyau ya kan ragu.

Ga yadda ɓarna ta ke tafiya. Da fari sai a ga wani farin tabo kamar alli, kusa da dasashi. A nan ba zafi, kuma ana iya tsayar da abin. In an bar shi, sai ɓawo ya huje, a ga ɗan baƙin rami. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ruwan sanyi ko shayi mai zafi ya fara taɓa mutum. In ramin ya kai ga ɓargo, sai ciwo mai hana barci, kumatu su kumbura, mugunya ta taru a gindin saiwa. Wasu na cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Ba wata tsutsa a ciki, ƙwayoyin cuta ne da sukari.

Wannan cuta ta game duniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kusan mutum miliyan 3500 ke fama da wata cuta ta baki, yara fiye da miliyan 500 kuma suna da rami a haƙoran nono. Hukumar ta ba da shawara tun 2015 a rage shan sukari. Ta ce mafi kyau kada babban mutum ya wuce giram 25 a yini, watau wajen ƙaramin cokali 6. Na yaro kuwa bai kai haka ba.

3. Dasashi da kanta

Dauɗar da ba a goge ba ba ta tsayawa ga haƙori kaɗai. Ta kan taru a bakin dasashi, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja. Dasashi mai lafiya ba ya jini. In ka goge baki ka ga jini, kada ka daina gogewa. Ka ci gaba a hankali, safe da dare. In an yi mako biyu jinin bai tsaya ba, sai a je gidan likita.

In dauɗa ta daɗe, sai ta haɗu da gishirin da ke cikin miyau, ta daskare, ta zama kanta. Kun san farin abin da ke manne wa cikin butar shayi in ta daɗe ana dafa ruwa? Haka kanta ta ke yi wa haƙori. An fi ganinta a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Asuwaki ba ya fid da ita, buroshi ma haka. Sai likita, da kayan aikinsa.

Kanta ta kan tura dasashi baya, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa saiwa. Shekara da shekaru, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa zaizayewa. Sai baki ya yi wari, haƙori ya fara girgiɗa, ran nan ya faɗi, ko da ba shi da rami. Mutane su kan ce tsufa ne. Amma akwai tsofaffi masu shekara 80 da haƙoransu, suna tauna ƙuli-ƙuli. Shan taba da cin garin taba suna ƙara wannan ciwo ƙwarai.

4. Ciwon noma

Akwai wani mugun ciwo da ke farawa daga dasashi. Likitoci suna kiransa noma. Sunan daga harshen Girka ya fito, ba ruwansa da noman gona. Ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ta kama, ko waɗanda su ka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba aikin iskoki ba ne.

Da fari dasashi ya yi miki, yana jini, baki ya yi wari mai ƙarfi. Sa'an nan kunci ko leɓe ya kumbura, yaro ya yi zazzaɓi, ya ƙi cin abinci, miyau yana ta zuba. In an kai shi gidan likita a wannan lokaci, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki su kan warkar da shi sarai. In an yi jinkiri, cikin ƴan kwanaki ciwon ya cinye kunci, ya huda fuska. A cikin yara 10 da ba su sami magani ba, har 9 su kan mutu.

Ana samun noma a Nijar da arewacin Najeriya. A shekarun 1990 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta buɗe gida a Damagaram don kula da yaran da ya kama. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato. A watan Disamba na 2023 OMS ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Yaro ɗan shekara 3 ba ya iya cewa, « Dasashina ya yi miki. » Sai wani ya buɗe bakinsa ya gani. Ku da ku ke goyon ƙannenku, kuna wasa da su, kuna iya riga kowa gani.

5. Ruwan Tsibiri

Wani lokaci abin da a ke gani a haƙori ba daga sukari ya ke zuwa ba, daga ruwan sha ne. Cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa akwai wani sinadari mai suna fuluwor, wanda ke narkewa cikin ruwa. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano.

A 1901 wani likitan haƙora mai suna McKay ya sauka a Kolorado, cikin Amurka. Ya tarad da mutanen wurin da jan tabo a haƙora, amma kuma haƙoran ba su cika yin rami ba. Sai a 1931 aka gano fuluwor na ruwan sha ne sanadi. Daga nan aka fahimci abu biyu. Fuluwor kaɗan yana ƙarfafa ɓawon haƙori, shi ya sa a ke sa shi cikin man goge baki. In kuwa ya yi yawa cikin ruwan da a ke sha kullum, sai ya ɓata haƙora da ƙashi. Kamar gishiri ne cikin miya. OMS ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 (ɗaya da rabi) cikin lita ɗaya ta ruwan sha.

Mun ga wannan kusa da mu, a Tsibirin Gobir, wanda a ke rubutawa Tibiri a taswira. A 1985 aka fara ba garin ruwan wata rijiya mai zurfi, irin wadda a ke kira foraj. Ruwan garau ya ke, mutane su ka yi murna. Ashe fuluwor da ke cikinsa ya fi ƙa'ida sau uku da wani abu. Aka yi shekara wajen 15 ana sha. Yara dubbai haƙoransu su ka yi tabo, su ka yi ja. Ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu su ka lanƙwashe, wasu tafiya ta gagare su. Daga baya aka daina ba mutane ruwan wannan foraj. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH ta Nijar da FIDH ta ƙasa da ƙasa, su ka fid da rahoto a kan yaran Tsibiri.

Me za mu koya? Fuluwor mai yawa yana taɓa haƙori ne sa'ad da ya ke ginuwa cikin dasashi, watau kafin yaro ya kai wajen shekara 8. In haƙoran girma sun fito, sai a gan su da fararen tabbai ko ja. Wannan ita ce alamar da ido ya fi saurin gani. In yara da yawa na gari ɗaya ko unguwa ɗaya suna da irin tabon nan, a gaya wa ma'aikatan lafiya, don a auna ruwan. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fid da fuluwor.

Ku kuma san wannan: tabon fuluwor ba ƙazanta ba ce, gogewa ba ta fid da shi. Kada ku yi wa mai shi dariya. Ruwan da aka ba shi ya sha.

6. Tsabtar kullum

A goge haƙora sau biyu a yini, da safe, da kuma dare kafin a kwanta. Na dare shi ne babba. Bayan shi kada a ci kome, sai ruwa.

Asuwaki abin kirki ne. Kakanninmu da shi su ka tsare haƙoransu, addinin Musulunci kuma ya kwaɗaitar da yin sa. Ana yin sa da saiwar itacen asuwaki, ko reshen dogon yaro, ko marke. A tauna bakinsa har ya yi laushi kamar gashi. A bi haƙora ɗaya ɗaya, waje da ciki da bisa, ana sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori. Yawo da asuwaki a baki ana tauna ba gogewa ba ne. In an gama a wanke shi, a yanke bakin da ya tsufa.

Mai buroshi ya zaɓi mai taushi. Ya sa man goge baki mai fuluwor, kamar ƙwayar wake. Na yaron da bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar shinkafa. A yi minti 2 ana gogewa. A tofar da kumfa, kada a haɗiye. A sake buroshi bayan wata 3, ko in gashinsa ya baje. Kowa da nasa, ba a aro. Yaron da bai kai shekara 7 ba, babba ya taimake shi.

Kada a dirje haƙora da yashi, ko toka, ko gawayi, don suna kankare ɓawo. Kada a yi sakace da allura ko ƙusa. Kada a buɗe kwalba da haƙori.

Abinci ma yana da nasa aiki. Nono da madara suna gina haƙori da ƙashi. Zogala, da tumatir, da sauran ganyen da a ke kawowa kasuwannin Maraɗi daga lambunan Jiratawa suna ƙarfafa jiki da dasashi. Haka gwaiba da lemu da mangwaro. In kana da dala biyar a hannu lokacin hutu, gujiya ta fi minti.

7. Masu duba baki

Gogewa aikin kowa ne. Amma ba mai ganin ƙuryar bakinsa. Don haka a ke bukatar masu dubawa uku.

Na fari, gida. Sau ɗaya a mako, uwa ko yaya ta wanke hannu da sabulu, ta fito da yaro wurin haske, ta ɗaga leɓensa. Ta dubi dasashi: ya kumbura? yana jini? akwai miki? Ta dubi haƙora: akwai farin tabo ko baƙin rami? Ta kuma lura da warin baki.

Na biyu, gidan likita na unguwa ko na ƙauye, watau CSI. Likitocin haƙora kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma a manyan garuruwa su ke. Amma majo yana iya duba baki, ya gane ciwon dasashi da farkon noma, ya ba da magani. Abin da ya fi ƙarfinsa ya aika da shi babban asibiti a Maraɗi. In an kai yaro awo ko allurar rigakafi, a roƙi a duba bakinsa.

Na uku, likitan haƙora. Ya kamata ɗan makaranta ya gan shi ko sau ɗaya a shekara, ko ba abin da ke yi masa ciwo. Wanda haƙoransa ke saurin yin rami, sai kowane wata 6. Ƙaramin rami, zama ɗaya a cike shi. Babban rami kuwa, ga kwanan zaune, ga kuɗin magani, ga fashin makaranta, a ƙarshe watakila a cire haƙorin. Rigakafi ya fi magani.

Kada a kai baki wurin masu cire haƙori a kasuwa. Kayan da ba a dafa ba suna iya ɗaukar cuta daga bakin wani zuwa na wani, kamar ciwon hanta. Kada kuma a ɗiga ruwan batir, ko a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, don suna ƙona shi.

In kuna ƙwallo ko langa, haƙorin girma ya fita ɗungum, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwa. A jefa shi cikin madara, a gaggauta zuwa asibiti tun awa ɗaya ba ta cika ba. Sau da yawa ana iya mai da shi. Haƙorin nono kuwa ba a mai da shi.

8. A ɗakin likitan haƙora

(Yara uku su karanta: uba, da ɗansa, da likita.)

Uba: Salamu alaikum. Ina kwana, Likita?

Likita: Amin, alaikumus salam. Lafiya lau, Malam. Samari, me ke yi maka ciwo?

Yaro: Ba kome, Likita. Malaminmu ne ya ce a duba mu.

Likita: Madalla da malaminku. Hau kujera, ka buɗe baki. Wannan ɗan madubi ne, da shi zan ga bayan haƙoranka.

Yaro: Baba, cire mini za a yi?

Uba: Kwantar da hankalinka, ɗana. Dubawa kawai za a yi.

Likita: Malam, matso ka gani. Ga kanta nan a bayan haƙoran ƙasa. Ga kuma ɗan rami a wannan turmi, bai kai ga ɓargo ba.

Uba: Ikon Allah! Bai taɓa cewa yana ciwo ba.

Likita: Da an bar shi, da baɗi war haka ya faɗa. Yau zan kankare kanta da wannan na'ura. Tana ƙara, tana fesa ruwa, amma ba ta yanka. Sa'an nan in share ramin, in cike shi.

Uba: An ce wankin haƙora a asibiti yana sa su girgiɗa.

Likita: Ba haka ba ne, Malam. Kanta ce ke sa su girgiɗa. In an fid da ita, mutum ya kan ji ɗan sanyi kwana biyu, sa'an nan dasashi ya warke.

Yaro: Yaushe zan komo, Likita?

Likita: Baɗi, in Allah ya kai mu. Ka zo da ƙanenka.

Uba: Mun gode. Allah ya saka da alheri.

Mu riƙe

Haƙori ba ya warkar da raminsa. Ciwo a ƙarshe ya ke zuwa. A goge baki safe da dare. A rage zaƙi. A duba bakin ƙanne kowane mako. A ga likita kowace shekara. Miki a dasashi, da warin baki, da kumburin kunci ga ƙaramin yaro: gidan likita yau, ba gobe ba.

Kalmomi da faransanci

haƙori: la dent
haƙoran nono: les dents de lait
turmi: la molaire
fiƙa: la canine
ɓawon haƙori: l'émail
saiwa: la racine
dasashi: la gencive
ramin haƙori: la carie
kanta: le tartre
fid da kanta: le détartrage
likitan haƙora: le dentiste

Tambayoyi

1. Don me haƙori ya ke fara ruɓewa ba a ji zafi ba?
2. Waɗanne turame ne iyaye su kan ɗauka haƙoran nono? A shekara nawa su ke fitowa?
3. Me ƙwayoyin cuta su ke yi da sukari?
4. Mene ne bambancin dauɗar haƙora da kanta?
5. Faɗi alamu uku na farkon ciwon noma. Me za ka yi in ka gan su ga ƙanenka?
6. Me ya sami yaran Tsibiri? Tafasa ruwan zai hana?
7. Yi bayanin wannan karin magana da abin da ka koya: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lissafi

1. Haƙoran girma sun fi na nono da nawa?
2. Yarinya tana goge haƙora minti 2 da safe, minti 2 da dare. Minti nawa ke nan a mako?
3. Idan ƙwayar sukari ɗaya giram 5 ce, ƙwaya nawa ne giram 25?
4. An auna ruwan wata rijiya, aka sami fuluwor miligiram 6 cikin lita. Sau nawa ya ninka miligiram 1,5?

Aiki

1. Ɗauki madubi, ka ƙirga haƙoranka na sama da na ƙasa. Zana su cikin littafinka. Sa alama ga wanda ke da tabo ko rami, ka nuna wa malam.
2. Da izinin inna, wanke hannu ka duba bakin ƙanenka ko ƙanwarka. Rubuta abin da ka gani cikin jimla uku.
3. Tambayi kaka da wane itace su ke yin asuwaki sa'ad da su ke yara. Kawo reshensa aji, mu rubuta sunansa da hausa da faransanci.
4. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Ku shirya wasan « A ɗakin likitan haƙora », ku yi shi gaban ƴan ƙananan azuzuwa.